Gulbin Zamfara: Ruwan Ƙofar Gidanmu da Ke Ƙarewa a Teku

Muna aji biyu na ƙaramar sakandare a Nasarawa Burkullu, wata safiya malaminmu na labarin ƙasa ya shigo da taswirar Nijeriya a naɗe a hammatarsa. Ya rataye ta a jikin allo, ya juyo ya ce, "Wa ya taɓa ganin teku a cikinku?" Babu wanda ya ɗaga hannu. Ya sake tambaya, "To wa ya taɓa wanka a gulbi?" Aji ya kaure da dariya, hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har da na waɗanda iyayensu suka hana su zuwa.

Sai ya ɗora tsinin alli a kan wani siririn layi mai launin shuɗi, ya ce wannan shi ne Gulbin Zamfara. Ya bi layin zuwa yamma, ya karkato kudu, ya yi ta gangarawa har allin ya faɗa cikin babban shuɗin da ke ƙasan taswira. Ya ce, "Ruwan da kuka yi wanka da shi, in rana ba ta shanye shi ba, manomi bai ja shi gona ba, nan yake zuwa."

Ban yarda ba a ranar. Gulbin da nake tsallakewa da ƙafa da rani, wanda jakai ke kwasar yashi a cikinsa, ina shi ina teku? Sai da na girma, na bi shi gabas da yamma, daga baya aikin bautar ƙasa ya kai ni inda yake ƙarewa, sannan na gane mun daɗe muna zaune kusa da babban abu ba tare da mun dube shi da kyau ba. Ƙannena ɗalibai, ku zo mu bi shi tare, daga Anka zuwa Gummi, sannan mu raka shi har bakin teku.

Anka: inda gulbi ke gudu a kan dutse

Mai zuwa yankinmu daga Gusau yakan bar babban titin Sakkwato ya karkata yamma, ya fara isa Anka. Tsohon gari ne mai nauyi a tarihi. A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa, a ƙarƙashin Sarki Babari, suka ci Birnin Zamfara, suka kafa Alƙalawa. Sarautar Zamfarawa ta yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan kafin ta zauna a Anka, shi ya sa har yau ake kiran sarkin garin Sarkin Zamfaran Anka. Sunan da gulbin ke ɗauke da shi, shi ne na tsohuwar daular, shi ne kuma aka ba jiha lokacin da aka cire ta daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996.

Idan ka tsaya a gaɓar gulbi ta wajen Anka, abin da za ka fara lura da shi shi ne duwatsu. Ƙasar nan tana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu masu tauri, waɗanda ruwa ba ya ratsa su sosai. In an yi ruwan sama, ƙasa ba ta shanye da yawa, sai ya gangaro da sauri ta ƙoramu ya cika gulbi cikin ɗan lokaci. In damina ta wuce kuma, babu wani babban ajiyayyen ruwa a ƙarƙashin ƙasa da zai ci gaba da ciyar da shi. Wannan ne dalilin da ya sa gulbin nan yake da fuska biyu: a watan Agusta yana ruri yana tumɓuke itatuwa, a watan Maris kuma ya koma shimfiɗar yashi da 'yan gurabun ruwa nan da can.

Waɗannan duwatsu su ne kuma ke ɗauke da zinariya. Duk ɗan yankin nan ya san haka, ya kuma san abin da ya biyo baya. A shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Yargalma da Tungar Guru. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya yana haɗe da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida, a daka shi, a niƙa shi a injin niƙa, ƙurar ta bazu a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka buƙaci magani. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin da bai kai Bagega ba sai a 2013.

Na kawo wannan labari a cikin zancen gulbi ne saboda aikin zinariya ba ya yiwuwa sai da ruwa. A kududdufi da bakin ƙorama ake wanke garin dutse, masu aikin kuma suna amfani da zaiba don kama ƙwayoyin zinariya. Abin da aka bari a wurin wankin, ruwan damina na farko zai iya kwashe shi ya gangara da shi. Gulbi ba ya tambayar wa ya zuba, na ƙasa da kai shi zai sha.

Nasarawa: shekara ɗaya a bakin ruwa

Daga Anka titi yana miƙewa yamma, ta cikin gonakin gero da dawa, da itatuwan ɗorawa, kaɗanya da kuka, har ka iso Nasarawa Burkullu a Ƙaramar Hukumar Bukkuyum. Gari ne na kan hanya, mai kasuwa, inda hatsi da dabbobi da kayan lambu na ƙauyukan kewaye ke haɗuwa. A nan na tashi, a nan kuma na koyi karatun gulbi a hannun kawuna, wanda ya yi rayuwarsa yana su da fito.

Wanda ya zo sau ɗaya ya koma, bai ga gulbinmu ba, domin kowane lokaci na shekara da kamannin da yake yi.

Da bazara, zafi ya kai maƙura, yashi yana ƙona tafin ƙafa. Mata da yara suna tona rami a tsakiyar gulbin da ya ƙafe, su jira ruwa ya tsattsafo, su kwarfa da ƙoƙo. Ruwan yana nan, ya ɓuya ne a ƙarƙashin yashi, inda rana ba ta kai masa. Fulani suna gangaro da shanu mashaya. In ka ga shamuwa ta fara gina sheƙa a kan itatuwan gari, tsofaffi za su ce a gyara fartanya, damina ta ƙarato.

Da damina, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, gulbi yakan dawo da ƙarfinsa. Ruwan farko ja ne, mai kauri, yana ɗauke da kara da ganye da duk abin da rani ya bari. Daga nan ya cika gaɓa da gaɓa, ya malala cikin fadama. Kifi yana bin sabon ruwa ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, ƙananan su girma a can inda abinci ya yawaita. Wannan malala da manomi ke tsoro, ita ce kuma ke shimfiɗa sabon laka a fadama, takin da babu wanda ya saya.

Da kaka ruwa yana janyewa, ya yi haske, ya bar tafkuna a baya. Lokacin masunta ke nan. Da hunturu kuma, in ka fito da sassafe, za ka ga hazo kwance a kan ruwa, balbelu sun jeru farare a kan yashi, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi, kirinjijiya na wucewa a sama suna fito. Na je garuruwa da dama, amma ban ga safiyar da ta fi wannan kyau ba.

Kawu yana da kayan su iri-iri, kowanne da aikinsa. Birgi shi ne wanda ake wurgawa ya buɗe kamar faifai ya rufe kifi. Taru dogo ne, mutane da yawa ke jansa. Koma ta hannu ce, ita ake shiga da ita ranar su na gayya. Mamari doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi da yawa, a kafa da yamma a duba da safe. Ga kuma gura, tarkon da ake saƙawa a ajiye a mashigar ruwa. Ya koya mini sunayen kifi tun ban iya rubuta nawa sunan ba: tarwaɗa mai gashin baki, ƙarfasa, kurungu mai ƙaya, ragon ruwa, giwan ruwa wanda ake daɗewa ba a ga babbansa ba, da minjirya wadda in ka taɓa ta za ta fizge ka kamar wutar lantarki. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce gaiwa. In tafki ya ƙafe, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta tana shaƙar iska har wata damina. Masana kimiyya a ƙasashen duniya suna nazarin wannan kifi mai huhu, mu kuwa muna taka saman makwancinsa a hanyar zuwa gona.

Wata rana na ga Kawu ya zazzage birgi, ya tsince ƙananan kifaye yana mayarwa cikin ruwa. Na ce, "Kawu, ai ko miya sun yi." Ya dube ni ya ce, "Ɗiyana, in mun canye su bana, baɗi mi za mu kamawa?" A da, Sarkin Ruwa yana hana su a wasu gurabu sai ranar da ya ba da izini, kuma ana jin maganarsa. Yau akwai masu amfani da raga mai ƙananan idanu kamar gidan sauro, wadda ba ta barin ko ɗan tsako, akwai ma masu zuba maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso. Wanda ya yi haka ya ci na yau, ya kashe na gobe, ya kuma sayar wa mutane guba.

Gummi: inda fadama ta buɗe

Daga Nasarawa ka ci gaba yamma, ka wuce mararrabar Daki Takwas, sai ka lura ƙasa ta fara sauyawa. Duwatsu sun ragu, ƙasa ta kwanta. A wannan ɓangaren gulbi ya bar tsofaffin duwatsu masu tauri, ya shiga ƙasar yashi da laka mai kauri wadda ta shimfiɗu har Sakkwato da Kebbi da Jamhuriyar Nijar. Irin wannan ƙasa tana shanye ruwa ta ajiye, ta riƙa sakinsa a hankali. Saboda haka gulbi ya rage gudu, ya riƙa lanƙwasa, fadamarsa ta yi faɗi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso kusa.

Wannan shi ne sirrin arzikin Gummi, garin Sarkin Mafara. Da damina fadama ta zama kore shar da shinkafa. Da rani, lokacin da gonakin tudu suka bushe ƙurmus, nan ne aiki ke farawa: albasa, tattasai, attaruhu, tumatir, dankali, masara, rake. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa, wato doguwar sanda mai nauyi a gindi da guga a baki, a yini ana ɗagawa ana zubawa. Daga farkon shekarun 1990, shirin Fadama da aka gudanar da tallafin Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da gajerun rijiyoyin bututu a jihohin Arewa. Yau ƙarar inji ce ke tashe ka a fadama, kuma abin da mutum ɗaya ke iya nomawa ya ninka.

Gummi ta yi suna da noman duma. In ka shiga kasuwa za ka ga ƙwarya tuli-tuli: masaki babba, ƙwaryar fura, ƙoƙo, ludayi, gora. Ka tsaya ka kalli mai gyaran ƙwarya yana fafewa, yana kankarewa, yana zana ado da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi. Babbar gora kuwa tana da alaƙa da gulbi tun da daɗewa. Kafin kwale-kwale ya yawaita, a kanta mutum ke kifa cikinsa ya haye, ya zuba kayansa a ciki kada su jiƙe, masunta kuma har yanzu suna amfani da ita.

Amma akwai abin da ya kamata ku lura da shi. Gidaje suna wannan gaɓa, gonaki da yawa suna waccan. Da damina, zuwa gona yana nufin shiga jirgi safe da yamma. A watan Agustan 2024 ambaliya ta shiga garin Gummi, ta rusa gidaje, ta raba dubban mutane da muhallinsu. Ba a gama share hawaye ba, da safiyar Asabar 14 ga Satumba na shekarar, wani kwale-kwale ɗauke da manoma masu zuwa gona ya kife a gulbin Gummi. Rahotanni sun ce mutum fiye da 40 ne suka rasu ko suka ɓace. Allah Ya jiƙan su. Ba baƙi ba ne, ba kuma masu yawon buɗe ido ba. Mutane ne da suka san ruwan tun suna yara, suka fito neman abin da za su ci.

Da na je yi wa Kawu gaisuwa bayan wannan rashi, ya tsufa ya daina fito, ya yi shiru na tsawon lokaci, sannan ya ce, "Wanga gulbi ba shi da aboki. Wanda yas san shi, shi aka tsoron ya raina shi."

Dokokin Kawu

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ga abin da na koya a jirginsa, wanda daga baya na tarar ya dace da abin da jami'an kula da hanyoyin ruwa ke faɗa.

Na farko, dubi ruwa kafin ka dubi sama. Ana iya samun rana tsaka a Nasarawa, alhali an kwana ana tafka ruwa a gabas. Wannan ruwan yana kan hanya. In ka ga gulbi ya ƙara ja, kumfa ta yawaita, itace da kara suna wucewa da sauri, to yana hauhawa. Kafa tsinke a bakin ruwa, ka dawo bayan ɗan lokaci, zai gaya maka gaskiya.

Na biyu, dubi bakin jirgi. Kawu yakan sa hannu ya auna tsakanin bakin jirgi da saman ruwa. In tazarar ta yi kaɗan, sai wani ya sauka, ko da surukinsa ne. Jirgin da aka cika maƙil, igiyar ruwa ƙarama ko motsin mutum ɗaya ya isa ya sa ruwa ya fara shiga. In ka ga an cika, ka haƙura ka jira sawu na biyu. Makara zuwa gona ko makaranta tana da magani.

Na uku, in an shiga a zauna. Kada a miƙe, kada a taru gefe ɗaya, kada a yi wasa. In jirgi ya yi tangaɗi, tashi tsaye shi ke ƙarasa kifar da shi.

Na huɗu, ba a fito da dare, ba a fito in hadari ya haɗo.

Na biyar shi ne wanda zamanin Kawu bai samu ba: rigar ceto. Ko gwanin iyo ne, in ruwa mai ƙarfi ya ɗauke shi, ko wanda bai iya ba ya riƙe shi, yana iya nutsewa. Rigar tana riƙe mutum a saman ruwa har a kawo ɗauki. In an raba ta a garinku, a sa ta a jiki, ba a rataye ta a ɗaki ba. In kuma ka ga wani yana nutsewa, kada ka faɗa ka rungume shi. Miƙa masa gora, sanda, igiya ko jarka marar komai a ciki, ka yi ihu a zo.

Akwai kuma haɗarin da ba ya ruri. Yawancinmu mun san yaron da ke fitsarin jini, har wasu suna ɗauka alamar girma ce. Ba haka ba ne, tsargiya ce. Wata ƙaramar tsutsa ce ke haddasa ta, wadda ke girma a jikin katantanwar ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka a kwantaccen ruwa. Mai cutar in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su koma ga katantanwa, zagaye ya ci gaba. Tana da magani, ana kuma raba shi a makarantu. Wanda ya ga alama ya gaya wa iyayensa a je asibiti, babu abin kunya a ciki.

Rakiya zuwa teku

Daga Gummi gulbi yana ci gaba yamma ya shiga Jihar Kebbi, ya wuce Jega, inda ake kuma kiransa Gulbin Gindi, ya je ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Wannan shi ne ruwan da ya biyo ta Argungu, garin da bikin kamun kifinsa ya samo asali a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Can gaba kaɗan Gulbin Ka, wanda ya ratso kudancin yankinmu, shi ma ya shigo. Dukkansu su zuba cikin Kwara, wato Kogin Neja, wanda ya taso tun daga tsaunukan ƙasar Gini, mai tsawon kusan kilomita 4,200.

Daga nan ruwanmu ya wuce Yawuri, ya shiga tafkin Kainji, inda madatsar da aka kammala a 1968 ke samar da wutar lantarki. Ya wuce Jebba, ya haɗu da Binuwai a Lokoja, ya wuce Onitsha, sannan ya rarrabu rassa-rassa a yankin Neja Delta ya shiga Tekun Atlantika. Tafiyar ta fi kilomita 1,000. Turawa sun daɗe suna gardamar inda Kwara ke ƙarewa. Mungo Park ya rasa ransa a Busa a 1806 yana wannan nema, sai a 1830 'yan uwa biyu, Richard da John Lander, suka bi kogin cikin kwale-kwale har teku.

Ni kuwa bautar ƙasa ce ta kai ni Jihar Bayelsa. Wani hutu muka shiga jirgi mai inji daga Yenagoa, muka bi reshen da ake kira Nun zuwa Akassa. Mun yi awanni muna ratsa dajin wasu itatuwa masu saiwoyi a waje, tsaye cikin ruwa kamar masu dogayen ƙafafu. A can babu jaki, babu amalanke. Yara da kwale-kwale suke zuwa makaranta, mata da shi suke zuwa kasuwa. Ruwa yana cika ya janye sau biyu a kowace rana, saboda jan da wata ke yi wa teku. Kafin jirginmu ya tashi, sai da aka miƙa wa kowa rigar ceto.

Da muka iso bakin teku na rasa abin faɗa. Ruwa ne har iyakar gani, babu waccan gaɓa. Na ɗiba na ɗanɗana, gishiri. Amma a inda kogi ke shiga, ruwan ja-ja ne, mai laka, irin launin da na sani tun ina yaro. Na tuna allin malaminmu. Wani masunci da muka zauna da shi ya tambaye ni daga ina nake. Na ce daga Zamfara. Ya ce ai ku can hamada ce, ba ku san ruwa ba. Na nuna masa jan ruwan na ce, a cikin wannan akwai ƙasar gonar babana. Ya yi dariya, ya ce to ku riƙa turo mana mai tsabta. Ya gaya mini yadda malalar ɗanyen mai ke kashe musu kifi, na gaya masa labarin dalma da zaiba. Muka tarar damuwarmu iri ɗaya ce, ko da yake harshenmu daban.

In za ka zo, in kuma a nan kake

Ba zan ɓoye muku ba, kuma kun fi ni sani: shekarun nan matsalar 'yan bindiga ta sa tafiya a yankinmu ta zama abin lura. Akwai gonakin fadama da aka daina nomawa, akwai ƙauyukan bakin gulbi da suka watse, akwai waɗanda suka shiga jirgi cikin gaggawa suna gudun hari. Saboda haka baƙon da ke son zuwa ya fara tuntuɓar mutanen gari, ya yi tafiya da rana, ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Ɗalibi kuma kada ya je bakin gulbi shi kaɗai ko ba da sanin iyaye ba. Lokacin da ya fi daɗin ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu: ruwa ya kwanta, zafi ya sauka, lambuna sun fara kore, ga sabon kifi, ga rake.

Ku da kuke zaune a nan, ga wani aiki da ba ya buƙatar kuɗin mota. Ku samu littafin rubutu guda, ku sa masa suna Littafin Gulbi. Ku rubuta ranar da ruwan farko ya iso bana, da ranar da ya fi cika, da inda ya kai. Ku je wurin tsoho mai su ku rubuta sunayen kifayen da ya sani, ku tambaye shi waɗanda ya daina gani. Ku tambayi kakanninku shekarun da aka yi babbar ambaliya da inda ruwa ya tsaya. Ku zana taswirar mashayun garinku da sunayensu. In aji ɗaya ya yi haka, ya miƙa wa na bayansa, cikin shekara 10 makarantarku za ta mallaki ilimin da babu shi a kowane littafin da aka buga. Da irin wannan rubutu ake sanin inda bai kamata a gina gida ba, da inda ya kamata a nemi gada. Daga cikinku ne kuma za a samu injiniyan da zai gina ta, da likitan da zai kawar da tsargiya, da masanin da zai auna ruwan ya ce ga abin da ke cikinsa.

Kawu ya rasu, jirginsa yana kife a ƙarƙashin wata tsamiya, rana ta tsattsaga shi. Duk lokacin da na je gida nakan gangara mashaya da yamma, in tsaya inda yake ɗaure shi. Yara suna nan suna wasa a yashi kamar yadda muka yi. Wani lokaci nakan kira ɗaya in tambaye shi ko ya san inda ruwan nan yake zuwa. Yawanci sukan ce Gummi. Sai in tsuguna, in ɗauki tsinke, in fara zana masa layi a kan yashi.